Yadda Na Ara wa Masu Fim Takun Mahaifiyarki

Zuwa ga 'yata, kuma uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baffanki ne ke gaishe ki, da fatan takardar nan za ta tarar da ke cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran nan biyu da har yanzu a hoto kawai nake ganin girmansu. Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya raba ku da ciwo, Ya sa aikin da ya kai ku nesa da mu ya zama sanadin alheri. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya haskaka makwancinta, Ya ƙara mana haƙurin rashinta, amin. Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna alhali ga waya a aljihun kowa. Halina na sani. In na kira ki, da kin ji muryata za ki fara dariya, ni kuwa da na ji ana dariya sai bakina ya kama hanyar labari, in yi ta zuba har mu yi sallama ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Maganar yau ba ta son haka, shi ya sa na ɗauki biro.

Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata ta hagu ta zama mai duban hadari, kafin ya haɗu ta riga ta sanar da ni. Inna, matata, tana nan da ƙarfinta, ta rage mini gishiri a abinci saboda hawan jini, ta mayar da shi cikin magana. Ɗana Dogo ya samu aiki a garejin bakin titi, yanzu da baƙin mai a farce yake gaishe mu. Gwaggonki an yi mata aikin ido, ya yi kyau, har tana ganin ƙurar da ke ɗakin kowa. Mahaifinki kuwa, Yaya, shi ne dalilin takardar, amma sai na bi da ke ta doguwar hanya kafin in iso gare shi. Ki yi haƙuri da ni, ban taɓa iya gajerta magana ba, balle wadda nake jin kunyar ƙarshenta.

Kin tuna ranar da za ki koma bayan rasuwar, kika ja ni gefe a ƙofar gida, mota na jira. Abu biyu kika damƙa mini. Na farko makullin ɗakin mahaifiyarki, na can ƙarshen baranda, kika ce kada a taɓa komai sai kin dawo kin duba kayan da hannunki, tunda Yaya ya ce shi ba zai iya shiga ba. Na biyu shi Yayan kansa, kika ce in riƙa fitar da shi cikin mutane, kada zaman kujera ya cinye shi. Na amsa miki da ƙarfi, har da dafa ƙirji. To, uwata, na yi wasa da amanar farko, ita kuma ta jawo ta biyun.

Ga yadda aka fara. Kin san tsohon zauren taron unguwarmu da kwamitin da ke kula da shi. Ni ne shugaba, ba don na fi kowa ba sai don na fi kowa rashin abin yi. Zauren ya daɗe ba ya ganin kowa sai tantabaru da masu sasanta rigimar kwata. Sai ga wasu matasa masu koyon shirya fim sun zo da shawara, wai a ware mako guda ana nuna fina-finan ban tsoro na ƙasashe daban-daban, a rufe da gasar gajerun fina-finan da 'yan unguwa suka shirya da kansu. Mai kantin magani, mataimakina, ya ce shi bai ga dalilin da mutum zai bar tsoron da ke gidansa ya fito neman wani ba. Malama, tsohuwar shugabar makarantarku, ta ce za a lalata wa mutane barci. Ni ne na miƙe na kare abin. Na ba su labarin tsohuwarmu, wadda kika ci sunanta, yadda takan tara mu ta yi ta ba mu labarin dodanni har mutum ya gwammace ya riƙe fitsari da ya tsallaka tsakar gida shi kaɗai, amma gobe mu ne masu roƙon a ƙara. Na ce tsoron da aka ji cikin jama'a, kafaɗa na gogar kafaɗa, nishaɗi ne, kuma mutanen unguwar nan sun daɗe ba su zauna wuri ɗaya sun ji abu ɗaya ba. Na yi magana mai daɗi, kin san ni. Aka amince, da sharaɗin ban da ƙananan yara, kuma a riƙa nunawa da la'asar, a tashi kafin magariba.

Shugabar matasan wata ce da suke kira Darakta, ma'aikaciyar gidan hoto, mai natsuwa, ba ta kai ki shekaru ba. Ana saura 'yan makonni ta zo gidana ta nuna mini abin da ta ɗauka na gasar, don an ce mata na san kan labari. Wani ƙato ne sanye da fuskar roba yana bin mutane da adda. Na yi dariya har Inna ta leƙo. Maimakon in ce Allah Ya taimaka in sallame ta, sai malamin da ke cikina ya motsa. Na ce mata tsohuwarmu ba ta taɓa gaya mana kamannin dodo ba, cewa kawai take an ji ana taɓa murfin tukunya alhali kowa yana ɗaki. Abin da ke kaɗa hanjin mutum shi ne abin da ya saba da shi, ya zo masa a lokacin da bai kamata ba. Na ce ta jefar da fuskar roba, ta nemi ɗakin da aka zauna a cikinsa da gaske, ta sa wata ta kama hayarsa ta riƙa jin ana tahowa, kada kuma a nuna mai tahowar har a gama. Ta ce labarin ya yi, amma ina za ta samu irin wannan ɗaki, tunda wanda aka jera wa kaya domin fim kowa ya gani ya san jeri ne. Uwata, makullin yana aljihuna a lokacin. Ba ta roƙe ni ba, ba ta ma san da shi ba. Ni ne na ce na san wani wuri.

Na zaɓi ranar da Yaya ke zuwa ganin likitan zuciya, na sa Dogo ya kai shi, na ce ya biya da shi wurin aski a hanyar dawowa. Ki riƙe wannan, don kada in zo daga baya in ce miki tsautsayi ne. Wanda ya tsara aski ya san abin da yake yi. Mai aikin gidan kuma na aike ta kasuwa. Muka shiga, ni da Darakta da yarinyar da za ta fito a fim ɗin da mai ɗaukar sauti, wanda suke kira Kunnuwa saboda na'urar sauraren da ba ta barin kansa. Da na buɗe ƙofar, ƙamshin mahaifiyarki ne ya fara tarbar mu. Komai yana inda ta bar shi: keken ɗinki da rigar da ba ta gama ba a ƙarƙashin allura, tabarau a bakin taga, mayafi a ƙusar bayan ƙofa, gwangwanin maɓallai a kan gado. Na ce kada a matsar da komai, ba su kuwa matsar ba, har takalma suka cire. Ni kuma ina tsaye ina yaba wa kaina a zuci, wai ga mai riƙon amana.

Sai aka zo kan takun mai tahowa. Kunnuwa ya ajiye makirfo a baranda, suka yi ta gwadawa. Wannan ya taka kamar soja, waccan kamar ɓarauniyar kaza. Ina kallo abin yana ci mini rai, irin yadda tela ke ji in ya ga karkataccen ɗinki a jikin wani. Kin san tun muna yara ni ne mai kwaikwayon gidanmu, ba wanda ban iya tafiyarsa da tarinsa ba. Mahaifiyarki da kanta takan sa ni in yi tata in an taru, ta yi dariya har da hawaye, ta jefe ni da matashi ta ce Allah Ya shirye ni. Silifas ɗinta suna nan a bakin ƙofa. Na cire takalmina na zura su, dugadugaina a waje, na karɓi makullan Darakta na riƙe a ƙugu, na koma can farkon baranda na taho. Ƙafar dama ta sauka, ta hagu ta biyo da ja, makullai su yi 'yar ƙara, a zo daidai ƙofar kicin a ɗan tsaya, a yi gyaran murya, sannan a ci gaba. Da na iso, Kunnuwa ya nuna mini hannunsa, tsigar jikinsa duk ta tashi. Darakta ta ce wannan takun shi ne fim ɗin. Ban gaya musu na wace ce ba, su ma ba su tambaya ba. Abin da na ji a lokacin, in gaya miki gaskiya, daɗi ne. Na kulle ɗakin na tafi gida ina fito.

Makon ya zo, kuma ba zan ɓoye miki ba, ya yi kyau fiye da yadda muka zata. Muka rufe tagogi da baƙin yadi, muka aro majigi, mai gyaran wuta ya ɗaura lasifikoki a kan tsani don ba mu da abin rataye su. Ranar farko zafi ya kusa hallaka mu, tunda mun toshe iska tare da haske, sai da aka aro fankoki daga maƙwabta. Mahauci ya zauna a layin gaba yana sukar jinin da ake nunawa, wai ruwan tumatir ne, shi da ya tsufa yana ganin jini ba za a yi masa wayo ba. Malama, mai tsoron lalacewar barci, ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba, tana ta yi wa 'yan cikin fim faɗa da ƙarfi, wai wace marar hankali ce za ta ji motsi a ɗakin ajiya ta tafi dubawa ita kaɗai. Wata rana wuta ta ɗauke daidai ana buɗe akwatin gawa, aka yi ihu, sannan aka yi tafi, an ɗauka cikin shiri ne. Mai kantin magani kuwa ta tsakanin yatsunsa na kama shi yana kallo. In an tashi mutane ba sa watsewa, sai su tsaya a ƙofa ana musu ana dariya, maƙwabtan da suka daɗe ba sa gaisawa suna rakiyar juna gida. Na yi ta kallonsu ina cewa a raina, ga abin da na faɗa.

Duk makon ina zuwa wurin Yaya ina lallashinsa ya fito, don cika miki alkawari, yana cewa shi ya wuce shekarun da za a rufe shi a ɗaki a tsorata shi. Ranar gasar ce kaɗai ban je ba, kin kuma san dalili. Ashe Inna, da ba ta san komai ba, ta ga na gaji ta ce bari ta taimake ni. Ta je ta zauna masa a ka har ya yi wanka ya sa farar rigarsa ta zuwa taro. Ina gyara makirfo na ɗaga kai, sai ga shi a layi na biyu, sanda tsakanin gwiwoyi, Inna a gefensa tana yi mini murmushin wadda ta yi abin kirki. Fim ɗin Darakta shi ne na ƙarshe. Ina da lokacin da zan sauko in kama hannunsa in ce zafi ya yi yawa mu fita shan iska. Ina da lokacin da zan raɗa wa mai majigi ya ce na'ura ta ƙi. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce wa kaina da duhu aka ɗauki ɗakin, idon Yaya kuma ya yi rauni, ba zai gane ba. A ƙarƙashin wannan akwai abin da ya fi muni: so nake a ga fim ɗin. Na tuna da idonsa, na manta yana da kunne.

Da aka fara, zauren ya yi tsit, irin shirun da ba mu samu ba duk makon. Ba jini, ba adda, sai yarinya zaune a bakin gado tana kwance kayanta. Sai takun ya taso daga nesa. Ina tsaye jikin bango inda nake hango gefen fuskar Yaya a hasken majigi. Da jan ƙafa na farko ya ɗago kai. Da makullan suka yi ƙara ya karkata kunne wajen ƙofar zauren, kamar yadda yakan yi in tana tahowa da shayinsa. Da aka tsaya aka yi gyaran murya, mata suka ƙwalla ƙara, wani ya kifar da kujera, Malama ta kama salati, shi kuwa ya gyara zama ya matsar da sandarsa gefe, yana ba da hanya. Wannan matsar da sandar, uwata, har yau in na rufe ido ita nake gani. Aka kunna fitilu, aka ɗaga hannu, fim ɗin ya cinye gasar ba musu. Ni na miƙa wa Darakta kyautar, ina murmushi ana ɗaukar hoto. Kafin in sauko Yaya ya fita, bai jira Inna ba.

Sai da muka shiga gida Inna ta rufe ƙofa, ta ce ta gane keken ɗinkin tun hoton farko, don a kansa aka ɗinka kayan auren 'ya'yanta. Ta ce ta daɗe da sanin ba abin da ba zan bayar ba don labari ya yi daɗi, amma ba ta zaci har da matattu ba. Kuma ba ita kaɗai ta gane ba. Matan layin da suka yi shekaru suna kai ɗinki ɗakin suka fara ƙus-ƙus, kafin a ankara magana ta zama wai da gaske ana jin motsi a gidan, wai masu fim ajiye na'ura kawai suka yi. Mai aiki ta daina sharar ƙarshen baranda. Yaran layin, da ba su ma shiga zauren ba, suka koyi takun wurin yayyensu, suna jan ƙafa suna bin juna da gudu a ƙarƙashin tagar Yaya. Matar da yaran nan suke shiga ɗakinta ta ɗinke musu yagaggen wando kafin iyayensu su gani, ni na mayar da ita abin tsorata yara. Da Darakta ta ji, ta zo da jan ido, ta ce da ta san ɗakin mamaciya ne da ba ta taka shi ba, kuma ta fasa nuna fim ɗin a ko'ina sai iyalan sun yarda. Kin ga ita ma na cuce ta. Kwamiti kuwa sun ce ba a taɓa taro mai albarka irin wannan ba, a maimaita baɗi, in sake jagoranta. Na ce su bar ni tukuna.

Yaya ya ƙi ganina kwanaki. In na je mai aiki ta ce yana barci, alhali ina jin rediyonsa. Sai ran nan ya aiko a kira ni. Na tafi na shirya wa faɗa, har ina fatansa, don in an zage ka kakan samu sauƙi. Na same shi a falo a kujerarsa, wadda ke ba wa baranda baya. Bai tambayi makulli ba, bai tambayi wa ya ba ni izini ba. Cikin sanyin murya ya tambaye ni a ina masu fim ɗin nan suka samo faifan da aka ɗauke ta, ko akwai saura, ko akwai inda ta yi magana. Ashe duk kwanakin nan abin da yake juyawa ke nan. Ya ɗauka wani tsohon faifai ne na wani taron gida, yana tara ƙarfin halin da zai roƙi a ba shi. Na sha faɗar maganganu masu wuya a rayuwata, amma ban taɓa jin nauyin harshe irin na ranar ba. Na ce masa babu faifai, ni ne, da silifas ɗinta. Sannan, bai juyo ba, ya ce in je in sa su in taho ya ji.

Na so in ƙi. Amma wanda ya yi wa zaure guda don a tafa masa, da wane baki zai hana mijinta? Na buɗe ɗakin na sa su na taho. Da na iso ya ce ban iya ba. Ya ce tsayawar nan ta ƙofar kicin na yi ta kamar mai laɓe, ita kuwa ba laɓe take ba, ƙugunta ne ke ciwo, takan dafa bango ta huta. Gyaran muryar kuma don kada ya gane hutawa take, ya ɗauka wani abu take dubawa a kicin. Ya ce ya daɗe da ganewa, bai taɓa nuna mata ba. Ya ce in duba bangon. Na duba, ga wurin nan fenti ya yi duhu daidai tsayin kafaɗarta, shekara da shekaru ina wucewa ban gani ba. Ni da nake taƙama na iya tafiyarta, ashe ciwonta nake kwaikwayo ana dariya, ita ma tana taya mu. Ya sa na sake, na dafa wurin, na huta yadda ya ce. Da na iso bayan kujerarsa ya ce to, haka ne, in tafi gida.

Da a nan ta tsaya da na ce hukuncina ne na karɓa. Na bi gida-gida na gaya wa mutanen layin cewa ƙafata ce, wasu sun yarda, wasu na ga labarin farko ya fi musu daɗi. Amma Yaya ya sake aikowa, kuma tun daga nan abin ya zama kamar aiki. Da la'asar, lokacin shayinsa, in je, in sa silifas, in taho da tire. Ba ma wata hira. Mai aiki ta gaya wa Inna cewa ranar da na je yakan cinye abincinsa har ya nemi ƙari, ranar da ban je ba sai a ɗauke kwanon yadda aka kawo shi. Ƙofar gida kuwa bai sake taka ta ba tun ranar gasar. Kin ce in fitar da shi cikin mutane, ga shi na ƙara zaunar da shi, ya ba wa duniya baya yana jira. Jiya da na tsaya na dafa bango, sai na ji ya yi magana, ba da muryar da yake yi mini ba, da wadda yakan yi mata ce. Tambaya ya yi ko an sha maganin rana. Na tsaya da tire a hannu, na rasa ko in amsa. Can ya yi tari ya ce in ajiye shayin in tafi. Hankalinsa lafiya yake, kada ki tsorata, ya san ni ne, har gyara wa mai karanta labarai a rediyo yake yi. Amma na ga inda hanyar nan ta nufa, kuma ni ne mai share ta.

Na gaya masa zan rubuto miki. Ya ce kada in yi, wai ke za ki hana, kuma abin bai shafi kowa ba sai mu biyu. Kin ga yanzu shi ma na saɓa masa. Maganar yafiya ki ajiye ta sai ranar da kika ga dama, in kin zo ki faɗa mini duk abin da ke ranki, zan sunkuyar da kai in ji. Fim ɗin ma yana hannunki, in kin ce a goge, Darakta za ta goge. Abin da nake roƙo na gaggawa ne. Na yanke shawarar ba zan ƙara sa silifas ɗin nan ba, amma ina tsoron kwanon da za a ɗauke ba a taɓa ba. Muryarki ce kaɗai na san za ta sa ya juyo da kujerar. Inna za ta ɗauki hoton takardun nan ta tura miki ta waya yanzu, don kada su daɗe a hanya. Ɗazu ya aiko in zo kamar kullum. Zan je da takalmina, in shiga ta ƙofar falo inda zai gan ni, in zauna kusa da shi ko da zai kore ni. Ki kira shi da la'asar ɗin nan tamu. Na san a lokacin kina wurin aiki, ki nemi izini ki fita. Ki kira gobe ma, da jibi. Ki yi masa maganar mahaifiyarki kai tsaye, ki tambaye shi abubuwan da ya sani game da ita waɗanda mu ba mu sani ba, don na ga suna da yawa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa. In akwai halin ki matso da zuwanki, ki matso da shi.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau. Ki shafa mini kan Injiniya, mai kwance kayan wasa ya kasa haɗawa, da 'yar amaryata ƙanwarsa, ki ce mata angonta ya tsufa amma yana nan. Inna tana gaishe ki, ta ce in gaya miki babu hannunta a ciki, kuma gaskiya ne. Dogo yana gaisuwa. Gwaggonki ma tana gaisuwa, ita ba ta san komai ba tukuna, ki bar ni in gaya mata da bakina. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya ba Yaya lafiya da dangana.

Ni ne Baffanki,
zan kasance a zaune kusa da wayar.